Goro: Tarihin Kalmar da Ta Tashi Daga Huhu Ta Shiga Ambulan

Idan Bahaushe ya ce maka "albishirinka", amsar ɗaya ce: "goro". In mai jan zance ne ya ƙara da "fari ko ja?", kai kuma ka ce "fari tas". Yaro ɗan shekara biyar ya san wannan, a Kano aka haife shi ko a Maraɗi ko a nan New Bell, cikin birnin Duwala na ƙasar Kamaru. Amma da za a tsare mai amsawar a ce ya fito da goron, da wuya a samu ko ɓari guda a aljihunsa. Alkawarin tukuici kawai ya yi, kuma kowa ya gane.

Mai karatu ya ƙirga sau nawa kalmar nan take fita daga bakinmu ba tare da ana nufin ɗan itacen da ake taunawa ba. Katin biki goron gayyata ne. Kuɗin da ake ba yara ranar idi goron sallah ne. Saƙon addu'ar da ke cika mana waya ta WhatsApp kowace safiyar Juma'a goron Juma'a ne. In aka ce an kai goron wance, maganar aurenta ta tsaya ke nan. Mai sayen shadda a kasuwar Kwango yana iya cewa a ba shi ruwan goro, launi yake nufi. Dillali in ya gama haɗa ciniki yana jiran na goro. Sannan akwai wanda zai tsare ka a hanya ko a bakin ofis, ya riƙe takardunka, ya kawar da kai gefe ya ce, "Alhaji, ina na goro?" Shi ma kalmar ya ara.

Abin da nake so mu duba a wannan rubutu shi ne yadda kalma guda ta ɗauki girmamawa, ta ɗauki shaida, ta ɗauki lada, daga ƙarshe ta ɗauki rashawa. A ganina ma'anar ƙarshen nan albarkacin na farkon take ci. Da goro bai yi shekaru ɗaruruwa yana tara mutunci ba, da mai neman cin hanci bai ɓuya a bayansa ba. Kafin mu kai can sai mun koma baya, mun ga inda mutuncin ya samo asali.

Abin da ba ya tsirowa a ƙasarmu

Goro ba ya yi a ƙasar Hausa. Itacen kurmi ne, yana son ruwa da inuwa. Wanda kakanninmu suka fi so, mai ɓari biyu, daga dazuzzukan ƙasar Asante ta Gana ta yau ake samo shi, a kawo shi kasuwannin ƙasar Gwanja, musamman Salaga. Littafin tarihin sarakunan Kano ya kawo labarin cewa Sarkin Nupe ya aika wa Sarauniya Amina ta Zazzau babanni 40 da goro 10,000, kuma ya danganta buɗe hanyar Gwanja da zamanin Sarkin Kano Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452. Tun farkon shigarsa ke nan goro kayan sarakuna ne, abin da ake ƙirgawa a rubuta a tarihi.

A ƙarni na 19 fataucin goro ya zama ɗaya daga cikin manyan sana'o'in Daular Usmaniyya. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara a kansa, kamar yadda masanin tarihi Paul Lovejoy ya nuna a littafinsa na 1980 kan ayarin goro. Ayari kan tashi da jakuna ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, a yi watanni ana tafiya kafin a kai Salaga. Dawowar ta fi wuya, domin goro kaya ne mai rai. Sai an naɗe shi da ganye a cikin huhu, ana yayyafa masa ruwa, ana kwancewa lokaci-lokaci ana tsince wanda ya kamu da sankara kafin ya shafi sauran. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya lissafa goro cikin manyan kayan da birnin ke kashe wa dukiya.

Abu mai tsada haka, mai saurin lalacewa, wanda aka sha wuya kafin a kawo shi, in mutum ya ɗauka ya ba ka, ya girmama ka. Ga shi yana kore barci da yunwa, ga shi addini bai hana ba, alhali ya hana giya. Saboda haka ya zama abin tarbar baƙo, abin kai wa malami, abin rabawa a wurin ɗaurin aure da suna. A zamanin da ba a rubuta takardar aure, wanda ya ci goron ɗaurin aure ya zama shaida. Ko bayan shekara ashirin gardama ta taso, yana iya miƙewa ya ce, "Da ni aka yi, na ci goro."

Sana'ar ma ta bar wa harshen gado. Akwai goriya, babban goro zaɓaɓɓe. Akwai daushe, wanda ya kwana biyu ya ƙara daraja. Ƙwarya a bakin 'yan goro ɗari ce cif. Abin da ya cika ido amma ba komai a ciki muna ce masa huhun ma'ahu. Sankarar da ke cin goro ita ce ta ba mu sunan mugun ciwon nan da ke cin jikin mutum. Zango, inda ayari ke yada kaya ya kwana, ya zama sunan unguwannin Hausawa a Gana da Togo, yau kuma har ɗalibai suna da zangon karatu. Ita kanta kalmar goro ba tamu ba ce mu kaɗai: Fulani da Barebari suna faɗinta kusan yadda muke faɗi, Bambara suna cewa woro, Wolof na Senegal suna cewa guro. Ta bi hanyoyin fatake ne, kamar yadda goron ya bi.

Daga baya hanyar ta sauya. Turawan Ingila sun ci Asante da yaƙi a 1874, yaƙin basasa ya rusa Salaga a 1892, aka buɗe layin dogo zuwa Kano a 1912. 'Yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, suka riƙa ɗauko goro ta jirgin ruwa zuwa Legas. Manoman ƙasar Yarabawa suka shiga dasa irin na Gwanja a wurare kamar Shagamu. Goro ya yi araha har talaka ya samu na taunawa kullum. A nan ne kalmar ta fara rabuwa da abin. Tunda goro ya zama abin saye a kowace kwana, sai ya wadatar a miƙa wa mutum kuɗi a ce, "Ga wannan ka sayi goro." Daga "ka sayi goro" zuwa "na goro" taki ɗaya ne.

Yadda muka iso bakin teku

Hausawan Kamaru ta wata ƙofar suka shigo. Bayan Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa Yola a 1841, garuruwan Fulani irin su Garwa da Ngawundare da Tibati da Banyo suka zama kasuwanni. Fatake Hausawa suka bi sawu suna neman hauren giwa da goro. Goron wannan yanki daga tsaunukan Bamenda yake fitowa, musamman ƙasar Banso, a bi da shi ta Banyo zuwa Yola da kwarin Binuwai. Har yau tsakiyar garin Bamenda ana kiranta Abakwa, sunan da ya samo asali daga zaman Hausawa a wurin.

Da Jamusawa suka ƙulla yarjejeniya da sarakunan Bell da Akwa na Duwala a ranar 12 ga Yuli 1884, suka fara kutsawa cikin ƙasa, sai hanyar kudu ta buɗe. Wasu Hausawan sun shiga aikin soja a rundunar Jamus, wasu sun bi cinikin roba da hauren giwa ta Yoko zuwa Yawunde, inda unguwar Briqueterie ta zama mazauninsu. Daga nan sai bakin teku.

Unguwar da muke ciki kuwa, zalunci ne ya haife ta. Daga 1910 gwamnatin Jamus ta tsara ƙwace filayen mutanen Duwala da ke bakin kogin Wuri domin ta gina unguwar Turawa zalla. Aka ware wa mutanen Bell wani wuri can baya, aka sa masa suna Neu-Bell, wato sabuwar Bell, aka bar fili mai faɗin kilomita 1 tsakaninsa da Turawa wai don kiwon lafiya. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, ya kai kuka har majalisar dokokin Jamus. Aka tuhume shi da cin amanar ƙasa, aka rataye shi tare da sakatarensa Ngoso Din ranar 8 ga Agusta 1914. Kafin ƙarshen Satumba na wannan shekarar sojojin Ingila da Faransa sun kama Duwala, a 1916 kuma birnin ya koma hannun Faransa.

Yawancin mutanen Bell ba su zauna inda aka tura su ba. Baƙi ne suka cika wurin: Hausawa, Bamileke, Basa, Ewondo, mutanen Legas da Dahomey da Saliyo da Kwango. Kowace al'umma ta kama gefenta, shi ya sa har yau ake jin New Bell Hausa da New Bell Kwango da New Bell Basa. Masaniyar tarihi Lynn Schler ta rubuta littafi guda a 2008 kan waɗannan baƙi, inda ta nuna yadda gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki unguwar a matsayin wani abu da ke wajen birni, ba hanyoyin kirki, ba magudanan ruwa, sai dai haraji da samame.

Maigida da "maguida"

Wurin da aka tara mutane masu harsuna barkatai, dole kalmomi su riƙa tsallake katanga. A New Bell ana jin Duwala da Basa da harsunan Bamileke da Fulatanci da Hausa, ga Turancin kasuwa da ya riga Faransanci zama a bakin teku, ga Faransancin kansa. Daga baya samari suka cuɗa su duka suka fitar da nasu yaren titi da ake kira Camfranglais. Mu ma mun zuba namu a tukunyar. Naman da ake gasawa a bakin titi duk Kamaru "soya" ake ce masa, daga suya. Kilishi ya shiga da sunansa, wahala ma haka. "Aladji" a bakin ɗan Duwala yana nufin duk mai babbar riga da ake zaton yana da kuɗi, ko bai taɓa ganin Makka ba.

Wadda ta fi ba ni tunani ita ce maigida. A tsarin fatauci maigida babban mutum ne. Shi ke saukar da baƙon ɗan kasuwa, ya ciyar da shi, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an ba da bashi. Abner Cohen ya bayyana wannan tsari dalla-dalla a bincikensa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, inda cinikin goro da shanu ya dogara kacokan kan amanar masu gida. Maƙwabtanmu a nan sun ji muna yawan kiran "maigida, maigida", sai suka mayar da ita "maguida", sunan duk wani ɗan Arewa Musulmi, mai shago ne ko mai gadi ko mai tura baro. Wani lokaci da wasa ake faɗi, wani lokaci da raini. Kalmar da ke nufin mai masauki ta koma nufin baƙo.

Na kawo wannan ne don a ga cewa kalma ba ta sauya ma'ana haka kawai. Tana bin halin da masu ita suke ciki ne. Haka goro ya yi.

Daga hannun mai masauki zuwa hannun mai hatimi

Baƙo a New Bell ta zamanin Faransa yana rayuwa ne da takardu: takardar haraji, takardar izinin tafiya, takardar shaidar aiki. Har zuwa 1946 akwai dokar da ta ba jami'in Bature ikon ɗaure ɗan ƙasa ko cin sa tara ba tare da shari'a ba, akwai kuma aikin tilas. Bafatake da bai iya Faransanci ba, bai san ofis ba, dole ya bi ta hannun wani: tafinta, masinja, ɗan sanda, akawu. A al'adar da ya taso da ita ba a zuwa wurin babba hannu rabbana. Sai ya kai goro, kamar yadda zai kai wa sarkin zango ko limami. Bambancin shi ne limami ba ya riƙe maka takarda sai ka kawo. Shi mai hatimi yana iya riƙewa, kuma ya gane haka. Kyautar da ake kaiwa don girmamawa ta zama kuɗin shiga, sunanta kuwa bai sauya ba.

Wannan ba a Duwala kaɗai ya faru ba. A Kano da Zinder da Kumasi ma an san "na goro", kuma a Turancin Nijeriya kalmar "kola" tana ɗauke da wannan ma'ana. Ba kuma goro ne ya fara faɗawa wannan rami ba. Tun a farkon ƙarni na 19 Shehu Usmanu, a littafinsa Kitabul Farƙi, ya lissafa "gaisuwa" cikin miyagun al'adun masu mulkin zamaninsa, wato abin da ake kai wa mai iko kafin a samu biyan buƙata. Gaisuwa kalma ce mai tsabta, ita ma aka lulluɓe ƙazanta da ita. Duk al'ummar da ta san rashawa abin kunya ce, sai ta nemo mata suna mai daɗi. A yau muna da na shan ruwa, da kuɗin mai, da ihsani, da alheri, da "a ga yara".

A Kamaru abin ya ƙazanta ne da tattalin arziki ya karye. A 1993 an rage albashin ma'aikatan gwamnati har sau biyu, wasu suka rasa fiye da rabin abin da suke ɗauka. A Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi: faran ɗin Faransa guda da ake saye sefa 50 ya koma 100. Ma'aikaci ya wayi gari albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata. A 1998 da 1999 ƙungiyar Transparency International ta sanya Kamaru a matsayin ƙasar da aka fi ganin cin hanci a cikin jerin ƙasashen da ta auna. A 2006 gwamnati ta kafa hukumar yaƙi da rashawa ta CONAC, aka kuma fara kamen manyan jami'ai da aka sani da suna Épervier, wato shaho.

Harshen titi ya rubuta nasa tarihin na waɗannan shekaru. "Tchoko", wanda muke furtawa coko, shi ne miƙa abin toshiyar baki. Jami'an da ke tsare motoci aka laƙaba musu "mange-mille", masu cin dubu, saboda takardar sefa 1,000. Wani zai ce a ba shi giyarsa, wani ya ce a sa masa mai a mota. In kuwa ya ga hula da carbi, ya san kalmar da za ta yi aiki. Ba zai nemi giya a wurin Alhaji ba, goro zai nema. Ya san Bahaushe yana jin nauyin hana goro.

Kuɓewa a gidan rediyo

A nan maganar ta iso ƙofar sana'ata, domin aikin gabatar da shirye-shirye nake yi a rediyo. Dokar Disamba 1990 ta buɗe fagen jaridu masu zaman kansu, dokar Afrilu 2000 kuma ta ba da damar kafa gidajen rediyo da talabijin na 'yan kasuwa. Kafafen suka yawaita, talla ba ta yawaita ba. Da yawa daga cikin masu aikin ba su da albashi tsayayye. Sai aka samu abin da duk ɗan jaridar Kamaru ya sani da suna "gombo", wato kuɓewa: ambulan ɗin da mai taro ke rabawa bayan an gama, ko wanda ɗan siyasa ke aikowa kafin a sa shi a shiri. An ce kuɓewa ne saboda tana sa tuwo ya wuce ba tare da ya tsaya a maƙogwaro ba. A Gana "soli" suke cewa, a Kinshasa "coupage", a Nijeriya kuma ambulan mai ruwan ƙasa.

Mu masu aiki da Hausa ba mu cika cewa kuɓewa ba. In an tashi daga taro sai ka ji ana tambaya, "An ba da na goro kuwa?" Na sha ganin wanda ya shirya taro ya riƙe takardar sunaye yana kira ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sa hannu ya karɓa. Na kuma ga yadda labarin da aka tafi ɗaukowa yake sauya kama kafin a iso ɗakin watsa shiri: tambayar da ta kamata a yi ta ɓace, ƙorafin mutanen unguwa ya koma layi ɗaya a ƙarshe, jawabin mai taro ya cinye minti biyar. Ba wanda ya ce a yi haka. Hausawa sun riga sun faɗa, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Gidan yarin da ke tsakiyar unguwarmu ya san ɗaya hanyar rufe bakin ɗan jarida. A can aka tsare Pius Njawé, mai jaridar Le Messager, daga Disamba 1997 har zuwa Oktoba 1998, saboda labarin da jaridarsa ta buga kan lafiyar shugaban ƙasa. Wannan duniya ta gani, ta yi magana. Bakin da aka rufe da goro kuwa ba wanda ke yi masa zanga-zanga, domin mai shi ma godiya yake yi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke raba kalmomin. In muna karanta labarin minista da aka kama, "cin hanci da rashawa" muke cewa, da murya mai kauri. In abin ya zo kanmu, ko kan ɗan uwanmu da ke bakin shinge, sai ya zama "ɗan na goro". Laifi ɗaya, suna biyu: mai muni na manya, mai daɗi namu. Yaran da ke tasowa a New Bell, waɗanda Hausarsu ta cakuɗe da Faransanci, da yawansu ba su taɓa ganin an kwance huhu ba. Abin da suka fi ji shi ne goron da ake miƙawa ta tagar mota. In ba a yi hattara ba, wannan ce ma'anar da za su gada a matsayin ta asali.

Yadda ake gane na gaske

Wani zai ce ai al'ada ce, kuma yaba kyauta tukuici. Gaskiya ne, ba kuma ina kira a daina kyauta ba ne. Dillalin da ya yi yawo ya haɗa ciniki ya ci la'adarsa. Wanda ya kawo albishir ya ci tukuicinsa. Malamin da ya bar aikinsa ya zo ya yi addu'ar suna a ba shi abin da ya sawwaƙa. Sai dai al'adar da ake fakewa da ita, ita da kanta ta nuna yadda ake rarrabewa.

Na farko, goro a fili ake ba da shi. A faranti ake zuba shi, a tsakiyar jama'a, maroƙi ma ya sanar. Duk abin da sai an naɗe a cikin takardun mota, ko an shiga lungu, ko an rage murya, ya fita daga wannan layi.

Na biyu, goro ana ɓara shi a raba. Ko ɗaya ne, sai a ɓantara wa na kusa. Wanda ake sakawa a aljihu a duba hagu da dama, ba shi ba ne.

Na uku, mai bayarwa ne ke da zaɓi. Ba a taɓa jin baƙo ya ce ba zai tashi daga zaure ba sai an ba shi goro, ko liman ya ce ba zai shafa fatiha ba. Da zarar haƙƙinka yana hannun mutum, ya ce sai ka ba da kafin ya saki, sunan abin ya sauya ko da goron gaske ka miƙa.

Na huɗu shi ne ma'aunin da ya zo a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na ma'aikacin da aka aika karɓar zakka ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna cewa a duba ko da mutumin ya zauna a gidan iyayensa za a kawo masa wannan kyauta. Ɗan jarida ya tambayi kansa: da ba makirufo a hannuna, wannan Alhajin zai san ina da buƙatar goro? Jami'i ya tambayi kansa: ranar da na yi ritaya, wa zai tsaya ya miƙo?

Harshe ba ya karɓar umarni, na sani. Ba wata hukuma da za ta hana ɗan acaba ko direban babbar mota da ke jigila tsakanin tashar jiragen ruwan Duwala da Ngawundare cewa "na goro", kuma shi sau da yawa tilasta masa ake yi. Amma mu da muke magana da dubban mutane kowace safiya, da malaman da ke hawa mumbari, da marubuta, muna da zaɓin kalmar da za mu sa a bakinmu. In abin rashawa ne mu ce rashawa, ko na sefa 500 ne. In toshiyar baki ce mu kira ta da sunanta, ko a cikin gidanmu aka raba. Mai karɓa ya ji nauyin kalmar, mai bayarwa ma ya san abin da aka sa shi ya yi.

'Yan goro sun san cewa ƙwaya ɗaya mai sankara tana iya lalata huhu guda, shi ya sa ba sa ƙyashin kwancewa su tsince. Kalmar nan ta yi mana hidima shekaru fiye da 500. Da ita aka ɗaura auren iyayenmu, da ita aka raɗa mana suna, da ita kakanninmu suka samu masauki a garuruwan da ba su san kowa ba, tun daga Salaga har bakin kogin Wuri. Ta cancanci a tsince mata ruɓaɓɓen cikinta.

Allah Ya ba mu ikon cin halal, Ya tsare mana bakunanmu da hannayenmu. Amin.